Ku Nutsu, Ba Ku Nutse Ba

Ba zan iya rantsuwa a kan duk abin da zan faɗa ba. Shekara biyu ke nan, ko uku, kuma na lura duk lokacin da aka ba da labarin nan a gidanmu sai wani abu ya ƙaru. Zan faɗi abin da nake jin na gani, inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Yayata tana aure a Jidda. Wata rana ta turo wa Baba bidiyon mijinta a ƙarƙashin Bahar Maliya, goye da tukunyar iska, kifaye na giftawa ta gabansa. Baba yana da shekara sittin da takwas a lokacin, yana shirin tafiya Umra. Ya kalla sau uku, ya ce in ya gama ibada shi ma zai shiga. Hujjarsa biyu ce: ya yi shekara talatin yana aiki a ofishin ruwa, kuma yana yaro babu wanda ya kai shi daɗewa a ƙasan kududdufin bayan Ƙofar Kuyambana. Mama ta tuna masa cewa a ofishin ruwan ɗakin ajiye fayil yake zama. 

Masu wurin nutso na can Jidda suka aiko da fom na tambayoyin lafiya, da ƙa'idoji da Turanci. Ni ne na gama jami'a nake zaune a gida ina jiran aiki, don haka ni aka miƙa wa. Baba ya ce aikin mai sauƙi ne, in rubuta a'a daga sama har ƙasa, in kawo ya sa hannu.

Matsalar tana layi na shida, ko na bakwai. An tambaya ko mutum yana da hawan jini, ko yana shan maganinsa. Wanda ya ce e, sai likita ya duba shi ya sa hannu kafin a bar shi ya shiga ruwa. Baba kuwa kullum da safe yana haɗiyar ƙwaya ɗaya da koko. Na nuna masa layin. Ya ce ai shi ba shi da hawan jini, da dai yana da shi, maganin ya sauke. Na yi kwana biyu ina juya wannan magana, don ta wani gefen ba ƙarya ba ce. Amma na karanta cewa ruwa yana matse jiki, yana ƙara wa zuciya aiki, kuma zuciyar dattijo ba ta saurayi ba ce. In na rubuta a'a wani abu ya same shi, da birona aka yi.

Kafin in yanke shawara, Baba ya fara atisaye. Ya sa aka cika babban bahon wanki a tsakar gida, ya durƙusa, ya tsoma kai, Mama na tsaye da agogo ba da son ranta ba. Da ya ɗago yana haki sai na gaya masa, cikin ladabi, cewa ƙa'idar farko ta masu tukunyar iska ita ce kada a taɓa riƙe numfashi, domin in mutum ya riƙe yana tasowa, iskar tana iya kumbura masa huhu. Wato abin da ya fi iyawa shi aka fara hanawa. Ya goge gemu ya ce, “To mai digiri, fassara min su gaba ɗaya in gani da idona.”

Na fassara. Na duba sau huɗu, ina jin ma biyar. Ya ɗauki takardar zuwa dakalin ƙofar gida, inda yake zama bayan La'asar da amininsa, wani Alhaji mai ɗinkin babbar riga, ya karanta masa da ƙarfi. Ina zaure na ji ya zo ƙa'ida ta uku: “In kun ga matsala a cikin ruwa, ku nutse.”

Nutsu na yi nufi. Har yau ina ganin wasalin ƙarshe u ne, biron ne ya ɗan zame, amma na sake dubawa, kuma gaskiya ya fi kama da e. Alhaji ya yi dariya har ya tuɓe hula, ya ce, “Malam, yaron nan cin gado yake nema, a rubuce ma ya ba ka.”

Kunya ta sa na shiga ɗaki, na ɗauki fom ɗin, na rubuta e a layin hawan jini. Na ce in dai za a ce ina so ya nutse, gara a ce na hana shi. Baba ya yi kwana uku ba ya min magana sai ta bakin Mama, alhali muna kan tabarma ɗaya.

A rana ta huɗu muka je wurin wata likita 'yar Wusasa, wadda ta girme ni sosai amma ba ta kai Baba ba. Ta auna jini, ta leƙa kunnuwa, ta sa shi hawa bene ya sauko. Ta tambayi motsa jikin da yake yi, ya ce yana zuwa masallaci sau biyar. Ta tambayi nisan masallacin. Ta kalle ni, dole na ce katangarmu ɗaya da masallacin. Ta ce ba za ta hana ba, ba za ta kuma sa hannu yau ba. A yi gwajin zuciya, ya riƙa tafiyar ƙafa kullum, a dawo bayan mako shida.

Tun daga washegari, bayan Asuba in gari ya waye, muke takawa daga Ƙofar Galadima zuwa Ƙofar Kuyambana mu dawo. Ni ya ce in raka shi, tunda ni na jawo. Ba na son faɗar wannan, amma a mako na biyu ni ne nake neman dakali ina zama, shi yana tsaye yana tambaya ko ni ma akwai fom ɗin da za a cika min.

Likitar ta sa hannu da sharuɗɗa: kada ya yi zurfi, malamin nutso yana gefensa, kuma kada ya hau jirgin sama sai ya yi kwana guda da fitowa. Ya tafi, ya yi Umrarsa, ya shiga ruwan, ya fito lafiya. Da ya dawo ya ce min ruwa ya shiga tabaraunsa na nutso a ƙasa, ya firgita, saura kaɗan ya riƙe numfashi ya zabura sama, sai ya tuna takardata, dariya ta kusa kama shi, ya tsaya ya yi numfashi a hankali. Na tambaya wace kalma ya tuna. Ya ce, “Duka biyun. Na riga na nutse, sai na nutsu.”

Ban sani ba ko godiya ce wannan. Takardar dai tana cikin jakarsa har yanzu, bai bari na gyara wasalin ba.

Shi yana cewa awa guda ya yi a ƙasa, yayata ta ce minti goma sha biyar ne, Mama kuma ta ce a bahon ma daƙiƙa ashirin ya yi, ba minti biyun da yake cewa ba. Duk wanda ya shaida wani ɓangare na wannan al'amari, musamman Alhaji da ya riƙe takardar a hannunsa, ina roƙo ya aiko min da gyara, ko da na wasali ɗaya ne.