Zubin Gefe

Illo baduku ne a kusa da Ƙofar Marke, zamanin da ganuwar Sakkwato ba ta daɗe da kammaluwa ba. Ya iya ɗinkin jar fata, amma da dara aka fi saninsa. In aka tona gurabu a ƙasa bayan la'asar, ba mai zama gabansa ya tashi da fara'a.

Sai ranar da wani falke mai suna Tambari ya tsuguna. Kowa ya san a tsakiya ake fara zubi, shi kuwa ya kafa tsinkensa can gefe, kamar bai taɓa ganin dara ba. Illo ya yi masa dariya, Tambari kuwa ya cinye shi tas a bainar jama'a. Washegari Tambari ya bi ayari zuwa Gwanja, ya bar Illo da sunan tsiya, wai Na-gefe.

Daga nan bai ƙara wasa da kowa ba. Kullum yana bayan rumfa shi kaɗai, ya tona gurabu, ya zuba nasa, ya zuba na Tambari, ya share, ya sake. Masu kawo ɗinki suka watse. Matarsa Iyatu ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Ni kam mai ba ku labarin nan, haushi yake ba ni, mutum da basirarsa ya ƙare a kan ramukan da akuya ke tattakewa. Amma ya rantse sai ya gano hikimar zubin nan, ya rama, ya wanke sunansa.

Har furfura ta fito masa, ya kuwa samo maganin kowane irin zubin gefe. Sai ga Tambari ya dawo da goro. Illo ya tare shi a kasuwa.

"Malam Tambari, ka tuna zubin da kay yi min, na gefe?"

Tambari ya tuntsire da dariya. "Af, kai na? Ai cinnaku nig gani cikin gurbin tsakiya, shi yas sa nik kauce."

Duk da haka aka taru, aka tona. Tambari ya kafa tsinke a tsakiya kamar kowa. Illo ya ƙura wa gurabun ido, hannunsa a sama. Zubin da ko ɗan koyo ya san amsarsa, shi ya manta. Kafin magariba an cinye shi, wannan karon kuma ko dariya ba wanda ya yi.