Ambulan huɗu a jakar Lauya Mukhtar

Da ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar yau aka kira ni aka ce Mukhtar ya rasu. Ya faɗi jiya bayan la'asar a ofishinsu na Stratford a nan Landan, aka kai shi asibiti, bai farfaɗo ba. An ce zuciya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Na isa gidansa a Woolwich kafin tara. Matarsa Rabi ta miƙo mini jakar aikinsa da aka dawo da ita daga asibiti, ta ce ofis suna neman fayil ɗin wata shari'a da za a shiga gobe, ita kuwa ba za ta iya taɓa jakar ba. Na ciro fayil ɗin. A aljihun baya na tarar da ambulan huɗu masu tambarin asibiti, da sunansa a jiki, ko ɗaya ba a buɗe ba.

Tun daga lokacin haushi ya hana ni kuka, kuma ya kamata in bayyana dalili.

Mukhtar ƙaramin lauya ne a ofishin da ke kare mutanen da kamfanonin karɓar bashi suka kai kotu. Rabin aikinsa, a faɗarsa, ba a gaban alƙali yake yi ba. Sa manyan mutane su buɗe wasiƙunsu ne. Yana da wata 'yar rula ta ƙarfe a aljihu. Ba ya buɗe wa kowa ambulan. Sai ya ajiye maka rular a kan tebur, ya harɗe hannu, ya jira.

Ni ma an ajiye mini ita. Ban taɓa faɗa a fili ba sai yau.

Bara wani kamfani ya sayi tsohon bashin mota da na riga na gama biya, ya kai ni ƙara. Kunya ta sa na riƙa tara wasiƙun a ƙarƙashin kujerar mota don kada iyalina su gani. Kwanakin amsawa suka wuce, kotu ta yanke hukunci ba tare da ta ji daga bakina ba, masu kwashe kaya suka fara zuwa ƙofar flat ɗinmu. Sai a sannan na je wurinsa da leda cike.

Ya dubi ledar, ya dube ni. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka bai raga mini ba.

"Dokta, kai da ka karanta lissafi har ya ƙare, takarda ce ta gagare ka? Bakano ya iya ciniki da kowa amma ban da ɗan aiken gidan waya."

Na ce ya buɗe mini.

"A'a, Yaya. Sunanka ne a jiki."

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana jera su bisa kwanan wata. Wata Talata ya tsaya a kotu tun safe har bayan azahar, aka soke hukuncin, daga baya kamfanin ya janye. Bai taɓa tayar da maganar a gaban kowa ba, ko da wasa, alhali ba ya barin komai nawa ya wuce bai tsokane ni ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ce, a masallacin Regent's Park. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayan a hannu, mutum biyar, har da wata Hajiya, sun riga sun kewaye shi da takardu. Na lura yana haki, kuma bai yi tafiyar da za ta sa haki ba. Na ja shi gefe na tambaye shi ko ya ga likita.

"Na yi booking, Dokta. Kai dai naka doktancin ba na allura ba ne, ka bar ni in sallami Hajiya."

Na bar shi. Ban sake tambaya ba.

Na san ajali ba ya jinkiri, kuma ba ina jayayya da hukuncin Allah ba ne. Amma mutumin da ya kwashe shekaru yana yi mana faɗa a kan ambulan, a ce nasa huɗu na kwance a jakar da yake ɗauka kullum, tare da rular. Mu kuma da muka cika shafukan sada zumunta yau da hotonsa muna kiransa gwarzo, mu ne muke tare shi a bakin masallaci, da wurin suna, da cikin jirgin ƙasan tube. A cikinmu wa ya taɓa ajiye masa rula a kan tebur ya harɗe hannu? Ni ban yi ba.

Ya bar Rabi da yara biyu. Don Allah kada kowa ya kira ta yana tambayar inda takardunsa suke. An riga an yi haka sau biyu ina zaune.

Allah Ya gafarta wa Mukhtar, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya tsaya masa kamar yadda ya tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, sannan ya tashi ya buɗe abin da ya ɓoye a ƙarƙashin kujera.

Habibu Isiyaku

Gyara: na rubuta cewa ko ɗaya ba a buɗe ba. Kuskure ne. Rabi ta duba ta kira ni yanzu. Na farkon an tsaga shi ta sama da rula, an mayar da takardar ciki. Ranar gwajin da aka ba shi ita ce Talatar da ya wuni a kotu a kan shari'ata.