Na Je Tsibiri Ba Tabarau

Juma'a: Duwatsun Shafa

Ƙarfe goma da minti arba'in na safe al'amura suka fara lalacewa. Muna kan duwatsun Shafa, bayan Ɗa'ifa, mun yi awa huɗu muna hawa, ni da Kawu Sani da 'yarsa Hanan, haifaffiyar Jidda. A gidansu na unguwar Hindawiyya nake zaune tun da na zo karatu daga Zariya. Na tsuguna ina rubuta kamannin wani ganye a littafina, sai wani ƙaton biri ya diro ya fizge ledar dabinon da ke cinyata. Na zabura, tabarauna ya suɓuce, ya gangara kwazazzabo.

"Khalas, shi ke nan, ya riga mu sauka," in ji Hanan, tana dariya har da riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba. In ba tabarau, duk abin da ya wuce taku uku hayaƙi ne a wurina. Ga shi washegari za mu wani ɗan tsibiri da Kawu ya shekara yana ba ni labarinsa, sabon tabarau kuwa sai an yi kwanaki. Bayan sallar Juma'a muka kamo hanyar Jidda. Muna gangarowa Hanan tana ta cewa, "Shufi, dubi gajimare a ƙasanmu!" ni ko ina gyaɗa kai kawai.

Asabar: Abhur

Mun bar gida shida saura minti goma, ƙafafuna kamar an daka su a turmi. Bakwai saura kwata muka isa bakin ruwa a Abhur. A tsarin da na rubuta, ƙarfe bakwai za mu tashi. Mai jirgin ruwan da zai kai mu, wani dattijo da ake kira Ammu Bakur, wanda kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa, ya ce ba inda za shi sai rana ta ɗaga ta dawo bayanmu. Muka zauna muka ci wake da gurasar tamis.

Hanan ta kwashe labarin biri ta ba shi, da ƙari. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ya binti, 'yata, ke za ki zauna a goshin jirgi. Ruwa in ya sake launi, ki faɗa mini da ƙarfi."

"Ammu, ai ni ce ba na gani," na ce a hankali. "Me ya sa ni?"

Sai kawai ya ja igiyar inji. Tara da minti biyar muka tashi.

Cikin Teku

Ni da ko a aji ba na ɗaga murya, sai ga ni ina ihu a Bahar Maliya. "Shuɗi mai duhu!" Ammu ya ƙara wuta. "Kore!" Ya rage. Can wani tabo ya bayyana gabanmu.

"Ruwan goro, ta dama!"

Nan take ya karkata hagu. Kawu ya leƙa ya yi salati: dutsen murjani ne kwance ƙarƙashin ruwa, bai fi kamu ɗaya tsakaninsa da cikin jirgi ba. Na sake tambayar Ammu me ya sa ni. Ya ce, "Ba'den, ba'den, sai an jima. Dubi gabanki."

Tsibirin

Goma da rabi muka sauka. Na zagaye shi a taku ɗari huɗu da goma. Farin yashi ne mai laushin garin tuwo, da rumfuna uku na kaba, da wani mai gadi yana gasa kifi. Ba mota, ba rediyo. Na tusa ƙafafuna masu ciwo a ruwa mai ɗumi, na ji gajiyar dutse tana zarewa daga yatsuna.

Sama da teku sun haɗe mini, ban san inda ɗaya ya ƙare ba. Shuɗi bisa shuɗi, ya fi kala bakwai, kamar duk marinar Kano aka juye wuri guda. Hanan ta ɗaura mini gilashin ninƙaya, na sunkuya a ruwan da bai wuce ƙuguna ba. Subhanallah! Nan kam komai kusa yake. Wani kifi rawaya mai zanen baƙi ya tsaya daf da hancina yana kallona, wasu ƙanana suna shige da fice cikin rassan murjani kamar 'yan kasuwa. Na ɗago ina kuka, Hanan ta zaci gishiri ne ya shiga idona. Littafina bai fito daga jaka ba har la'asar.

Komawa

Uku da rabi muka juyo, rana ta sake komawa bayanmu, na koma goshin jirgi ba tare da an ce mini ba. Biyar saura minti biyar muka taka ƙasa lafiya, na yi wa Allah godiya, na gode wa Kawu. Ammu yana naɗe igiya, na tattara ƙarfin halina na tambaye shi karo na uku.

Ya nuna idonsa na hagu, sai a lokacin na lura da yanar da ta fara rufe shi.

"Shekara arba'in da launi nake karanta hanyar nan, ya binti, yanzu launin ya fara guduna. In na sa mai lafiyar ido a gaba, kifi zai kalla, da tsuntsu, da wayarsa. Ke kuwa launi kaɗai ya rage miki. Shi nake nema."