Na Kai Burkutun Inna Gaban Alƙalai

Takoma Park

Ƙarfe shida saura kwata na asubar Asabar na ja ƙofar ɗakina, da kwalabe shida a jakar goyo, kowacce na cusa ta cikin safa don kada su yi ƙara. Sanyi kuwa har cikin haƙori. Minti goma sha biyu ne a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa, ban gamu da kowa ba sai wata mata da karenta, shi ma karen sanye da riga.

Bari in faɗi abin da ke cikin kwalaben tun yanzu, wanda zai ajiye takardar ya ajiye. Giya ce. Ni Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Ƙafur, Kirista, kuma da kuɗin burkutu Inna ta kai ni makaranta har na zama ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a Amurka. Ta rasu ina nan, ban samu zuwa ba. Tun daga lokacin nake ƙoƙarin dafa irin tata a ɗakin ƙasa na gidan da nake haya. Matsalar ita ce shekarata goma sha huɗu rabona da giyar Inna, harshena ya manta. Ina son mutum ɗaya tak ya kurɓa ya ce min na dace ko ban dace ba. Hausawan da na sani a nan mutanen kirki ne, amma Musulmi ne, ban taɓa kai musu wannan zancen ba.

Shady Grove

Taragon da na shiga mu uku ne a ciki, biyu na barci. Bakwai da minti goma na sauka a tashar ƙarshe, inda Tom ke jirana a tsohuwar a-kori-kurarsa. Tom Bature ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, shugaban wata 'yar ƙungiya ta masu dafa giya a gida. Shi ya ba ni shawarar in tace tawa ta yi garau, in zuba ta a ƙaramar gangar katako da aka taɓa ajiye wuski a ciki, in bar ta wata takwas. Ya ce gasar da za mu je yau ta giyar ganga ce, in ban yi haka ba ba za a karɓa ba.

"Ka kawo ta mamarka?" ya tambaye ni da Turanci.

"Na kawo."

"To yau za mu ji."

Daga nan bai ƙara ce min komai ba sai labarin ciwon gwiwarsa, mil talatin da biyar.

Gonar bayan Frederick

Takwas da kwata muka isa wata gona da aka mayar da rumbunta wurin taro. A bakin ƙofa wata mata ta duba katin shaidata, ta ɗaura min zare a hannu, ta karɓi kwalabe huɗu ta manna musu lamba. Ba a rubuta sunan mai giya, don kada a yi son kai. Aka ba mu kofi da wani zagayayyen burodi mai tauri, na ci don kada giya ta same ni da yunwa.

Ni ma an saka ni cikin masu ɗanɗanawa, amma a teburin baƙar giya, nesa da tawa. Mu huɗu ne. Kowa da takarda da fensir, da ruwa da busasshen biskit na goge harshe. Ana kawo giya a ɗan kofin da bai kai na shan magani ba. Ka ɗaga ta a haske, ka shinshina, ka kurɓa, ka ba ta maki cikin hamsin. Ba a magana sai kowa ya gama rubutu.

Ta farko baƙa ƙirin, ta shekara a gangar wuski, ɗanɗanonta kamar ƙanzon tuwo da dabino. Na ba ta arba'in da ɗaya. Ta uku ta yi zaƙi har ta gundure ni, na ba ta ashirin da takwas, sai ga maƙwabcina ya ba ta arba'in da huɗu ya rubuta mata rabin shafi. Ta bakwai warin jiƙaƙƙen kwali take yi. Wajen ta tara na daina yarda da bakina.

Abin da ya fi damuna shirun ne. A tsakar gidan Inna ƙwarya ɗaya ake zagayawa da ita, mai giya ta fara kurɓa a gaban kowa, sannan a sha ana musu a kan ruwan bana da wanda shanunsa suka yi ɓarna. Nan kuwa mutum wajen sittin, kowa ya sunkuyar da kai kamar ana jarrabawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan rumbu ba.

Ƙarfe uku aka karanta sakamako. Tawa ta zo ta biyu a rukunin sauran hatsi, maki arba'in da biyu. Aka tafa, aka ba ni jan ƙyalle mai rubutu. Na je wajen ɗaya daga cikin alƙalan, wani mai gemu har ƙirji, na ce masa ya ya ji ta.

"Ta yi kyau ƙwarai," ya ce. "Tsaminta a tsabtace yake, ga ƙamshin katako."

"Ta yi kama da burkutu?"

"Da me?"

Na yi masa godiya na koma na ɗauki jakata.

Hanyar dawowa

Tom a gonar zai kwana, don haka na kira motar haya ta waya. Huɗu da minti biyar ta iso. Direban dattijo ne mai furfura, carbi na rataye a madubi, kuma muna hawa titi ya amsa waya da Hausar Nijar. Na yi maza na tura jakar ƙarƙashin ƙafata. Amma ba na iya jin Hausa in yi shiru, yana ajiye wayar na ce, "Baba, barka da aiki."

Ya leƙo ta madubi. Muka gaisa har da tambayar iyali. Zan kira shi Malam Idi, mutumin wajen Dogon Dutsi, mazaunin Lanham. Bai tambaye ni me na je yi gonar ba, ya san wurin.

Wajen Germantown ya tsaya a gidan mai, ya shimfiɗa darduma a bayan mota ya yi la'asar. Da ya dawo ya zauna bai tada injin ba.

"Samari, wani buteli naka na zuba. Tun ɗazu nika jin warin tsiron dawa."

Na fara ba shi haƙuri, na ce zan biya wankin mota.

"Bar wannan. Jar dawa ce ko fara?"

Na ce ja ce.

"Uwata ita ma sana'arta ke nan," ya ce. "Mu Azna ne. Ina ɗan shekara ashirin na musulunta. Miƙo in ji."

Na riƙe jakar ban buɗe ba. Ya ce, "Sha na bari, hancina bai manta ba."

Na buɗe kwalbar da ke yoyo na miƙa masa. Ya kai ta hanci sau biyu, idonsa a rufe, sannan ya ɗaga ta ya duba.

"Kwananta nawa?"

"Wata takwas, a ganga."

"Haba ɗana. Wa ya taɓa aje ta wata takwas? Da ranta aka shan ta, tana kumfa tana motsi cikin ƙwarya. Kwana biyu in ta yi, sai a ba ƙasa. Kuma ka tace mata jikinta duka. Tsironka ya yi, wannan kam hannun gida ne. Amma wagga ta mutu tun tuni."

Na san haka. Na sha ganin Inna tana tuntsurar da ragowar randa a bayan danga. Son in samu mai saurarena ne ya sa na bi maganar Tom na manta. Na juya ina kallon famfon mai, don idona ya cika.

Sauran hanyar shi ya yi ta magana: yadda uwarsa ke rufe jiƙaƙƙiyar dawa da ganye, da yadda hayaƙin kara ke kama tukunya. Ya ce rabonsa da faɗin wannan da bakinsa ya fi shekara talatin, 'ya'yansa ma ba su sani ba. Na yi ƙarfin hali na ce in na dafa sabuwa, ko zai zo ya shinshina min.

"A'a," ya ce a hankali. "Yau ma Allah shi yafe min. In mun haɗu wajen suna ko jana'iza, mu gaisa kawai."

Gida

Shida saura minti ashirin ya sauke ni a ƙofar gida, ya yi min addu'a ya ja motarsa. Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Tom da a-kori-kurarsa, da alƙalan da suka yi aikinsu tsakani da Allah. Na gode wa dattijon nan fiye da kowa, ko da yake sunan da na ba shi a nan ba nasa ba ne, kuma ba zan iya faɗin na gaskiyar ba.

Na zauna a kicin ko rigar sanyi ban cire ba, na zuba kwalbar da ta rage a kofi, na sha ni kaɗai. Tana da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba ta Inna ba ce.