Fuskar da Ke Fitowa a Bangon Yaya

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci ina koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a wajen Zango, ina zaune a gidajen malamai. Katanga ce kawai ta raba ni da wata Kirista, Bahaushiya daga kudancin Katsina, matar malamin lissafi. Ta girme ni sosai, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Malama. A lokacin Kiristocin garin duk sun kama kansu, ko waƙar coci ba sa ɗaga murya. Ni da ita dai muna nan yadda muke, in miƙa mata naman Sallah ta kan katanga, ita ma ta miƙo mini cincin ranar Kirsimeti.

Da ciwon ido ya fara mata, sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga wanda ke gefenta. Ta yi ta tuntuɓe da turmi a tsakar gidanta. Mijinta ya kai ta asibiti a Katsina, likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi na ganinta ba zai dawo ba, amma in ta riƙa ɗiga magani kullum za a tsare sauran. Wannan magana ta "ba zai dawo ba" ita ta tsaya mata a rai.

Bayan kaka wani baƙon mai wa'azi ya zo cocinsu, ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, ya ba ta wani kati. Washegari da hantsi ta kira ni, fuskarta cike da fara'a.

"Malama, zo ki gani. Ubangiji ya taɓa ni."

Katin ba komai a jikinsa sai dabbare-dabbaren baƙi da fari, da 'yan ɗige-ɗige a tsakiya. Ta ce in ƙura wa ɗigon ido kada in ƙifta, sannan in dubi bango. Na yi. Sai ga fuskar mutum mai gemu da dogon gashi ta fito sarai a kan farin bangon, tana ɗan motsi, sannan ta dushe.

"Kin gan shi? Yesu ne. An ce mini muddin ina ganinsa, idona yana warkewa. Na ajiye magani."

Na san abin, ina ma koya wa ɗalibaina shi: in ido ya daɗe a kan baƙi da fari sai ya gaji, ya nuna maka kishiyarsu a duk inda ka duba. Amma yaya Musulma za ta buɗe baki a wancan lokacin ta ce wa Kirista abin da take gani gajiyar ido ce? Na koma gida na zana cokali da baƙin tawada a farar takarda, na kawo mata. Ta ƙura masa ido, ta dubi bango, ta ga farin cokali. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"To, Malama, wa ya halicci idon da wannan halin? Ke ya nuna miki cokali, ni ya nuna mini Ɗansa."

Mijinta ya roƙe ta ta koma kan magani har ya gaji. Faston cocinsu da kansa ya zo ya ce mata addu'a ba ta hana magani, Allah ne ya ba likita sani. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce komawa ga kwalbar magani bayan an yi mata addu'a shakka ce, ita kuwa ba za ta yi shakka ba. Ni ma a sallata nake roƙa mata lafiya, iya abin da na iya ke nan.

Kafin damina ta kankama ta daina zuwa kasuwa ita kaɗai. Wata rana da la'asar na shiga na tarar da ita zaune a tabarma, katin a cinyarta, hawaye na zuba saboda daɗewar ƙura ido.

"Tun safe nake dubawa," in ji ta. "Ɗigon ma ba na samu. Duba mini, Malama. Yana nan?"

Na karɓa na duba, na ɗaga kai. Fuskar ta fito kamar kullum.

"Yana nan, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce in ɗauko mata kwalbar a bayan kwanukan jere. Ni na ɗiga mata. Da suka koma Katsina likita ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu saura ɗan haske kamar mai leƙe ta ramin ƙofa.

Mijinta ya nemi canjin wurin aiki zuwa garinsu, inda take da 'yan'uwa masu kula da ita. Ranar tafiya ya riƙe mata hannu har cikin mota, ya zaunar da ita a bakin taga. Da direba ya tayar, ta leƙo tana ɗaga hannu wajen bishiyar darbejiya, tana cewa, "Sai wata rana, Malama, Allah ya saka." Ni kuwa ina can ɗaya gefen, kusa da famfo. Na yi sauri na koma gindin bishiyar, na amsa mata daga nan.