Guntun Rodin Ƙofar Inna

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Inna, mahaifiyata, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tana kwance a asibitin koyarwa na ƙudurta cewa kafin a sallamo ta sai na gyara mata ɗakinta a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Tsohuwar ƙofar matsattsiya ce, keken marasa lafiya ba zai wuce ba. Na sa aka fasa bango, aka kawo ta ƙarfe mai faɗi.

Maginin da na ɗauko daga Tarauni ba mugu ba ne, siyasa ce ta shiga kansa. Ɗan ƙanwarsa ya ci kansila, shi ma sai ya ɗauka shi aka zaɓa. Ya kafa ƙofar, ya watsa mata siminti, ya ce da an gama rantsuwa zai dawo ya yi shafe. Ban sake sa shi a ido ba, sai daga nesa, cikin babbar riga.

Aikin kuwa ba ya kalluwa. A sama an bar kafa, rana na leƙowa. A gefe siminti ya daskare dunƙule-dunƙule kamar ɗumamen tuwo, ga wani guntun rodi a lanƙwashe ya fito daidai ƙugun mutum. Ni kuma mutum ne mai tsirfa, ko hoto na gani a karkace sai na tashi na miƙe shi. Kullum na wuce sai na yi tsaki.

A haka aka dawo da Inna, sai wata damuwar ta danne wannan. Likita ya ce lallai ta riƙa miƙewa tana takawa, in ba haka ba ƙafar za ta tafi ke nan. To ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, balle ta dafa kafaɗata. In na miƙa mata hannu sai ta kau da kai ta ce barci take ji. Matata ce kaɗai take yarda ta kama ta, ita kuma ga tsohon ciki. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin wannan kunya da ba ta san ciwo ba.

Wata Asabar na aro guduma da kurfin sarar ƙarfe, na ce ko ba komai yau sai na raba rodin nan da bango. Ina shiga tsakar gida na tsaya cak. Inna ta ja kekenta zuwa bakin ƙofa, ta damƙi rodin da hannunta mai lafiya, ta kafa goshi a kan dunƙulen simintin, tana miƙewa a hankali. Ta tsaya da ƙafafunta. Matata ta raɗa mini cewa an kwana biyu tana yin haka, da zarar ta ji na fita.

Inna ta hango gudumar. Ba ta dube ni ba, matata ta duba.

"Ki ce wa mai gidan nan kada ya taɓa mini ƙofa," in ji ta. Ta numfasa, sannan ta ƙara da cewa, "Ki ce masa Allah ya yi masa albarka."

Na mayar wa mai guduma da kayarsa. Daga wannan rodi ta fara kaiwa bakin rijiya, daga baya har zaure. Maginin nan, duk inda yake, na yafe masa shafen, har a addu'a nake sa shi. An yi wa gidan fenti ba sau ɗaya ba bayan rasuwar Inna, kowane mai fenti sai ya tambaya ko a yanke ƙarfen nan. Nakan ce ya zagaye shi. Wurin da tafin hannunta ya goge har yanzu yana sheƙi.