Cokali Ɗaya Kawai, Kurciya

Shekara goma sha biyu yana aiki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, kowa a layin yana kiransa Mai Guga. Ba shi da yawan magana, sai dai ka ji hucin dutsen guga da ƙarar rediyo. Matarsa ta rasu 'yarsu tana wata takwas, ya ƙi ba da ita riƙo. Yayarsa ta yi faɗa har ta gaji. A kwandon wanki yarinyar ta koyi zama, da ƙafar teburin guga ta koyi tsayuwa. Kurciya yake kiranta.

Tana shekara biyu zazzaɓi da gudawa suka kama ta, ƙuraje suka feso mata a baki. Nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa ta ba shi garin gishiri da sukari a 'yan ledoji.

"Ka dama a ruwa mai tsafta, ka riƙa ba ta cokali-cokali. In ta ƙi sha, ko ka ga jikinta ya saki, kada ka tsaya, ku wuce babban asibiti."

Ya dawo shago ya kashe dutse, ya dama garin, ya ɗora ta a cinya. Ta ga cokali ta kau da kai. Ya gwada da kofi, ta ture. Ya zuba a murfin kwalba, ya yi kamar yana sha yana lashe baki, ta dube shi kawai. Ɗan abin da ya samu ya shiga bakinta, ta furzo masa a riga.

"Haba Kurciya. Cokali ɗaya kawai, don Allah. Ɗaya."

Kafin azahar Yaya ta iso, mayafi a hannu.

"Kai da lallashi! Miƙo ta nan. 'Ya'ya bakwai na raina, ba wanda ya fi ƙarfin ɗura."

Ta matse yarinyar tsakanin gwiwoyi, ta toshe mata hanci. Kurciya ta ƙware, ta yi tari har fuskarta ta sauya, ta amayar da ɗan abin da ke cikinta. Ya fizge ta.

"Ya isa, Yaya! Kashe min ita za ki yi?"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Yaya ta zauna a kan kwando.

Sai ya lura yarinyar tana kuka amma ba hawaye. Leɓenta ya tsage, idanu sun faɗa. Ya ruga wajen maƙwabciyarsa mai sayar da lemo ya roƙo ƙanƙara, ya farfasa, ya jiƙa sabon hankici a ruwan maganin da ya sanyaya, ya ɗora mata a leɓe. Sanyin ya yi mata daɗi, ta tsotsa. Ya sake jiƙawa. Sau tara ta tsotsa, a na goma kanta ya langaɓe a kafaɗarsa.

Ko shago bai rufe ba. Ya fita titi da silifa ɗaya yana ɗaga wa motoci hannu, Yaya na biye da shi riƙe da kofin. Uku suka wuce. Wata motar ɗaukar kaya ce ta tsaya.

A babban asibiti an daɗe ana neman jijiya. Hannu biyu aka gwada, aka koma ƙafa. Ya riƙe ta yana kallon bango, don ba zai iya kallon allurar ba. Da ƙarin ruwan ya fara ɗiga, ya zame ya zauna a ƙasa.

"Da kun ƙara awa biyu, da wani zancen ake yi," in ji likita.

Kwana uku suka yi. Masu kaya suka yi ta zuwa shago suna komawa, mai lemo ce ke ba su haƙuri. Ran sallama Yaya ta zo da wankakkun kayan yarinyar, ta tarar da shi yana gyangyaɗi a kujera, Kurciya na jan kunnensa.

"Tashi ka je ka yi wanka," ta ce. "Ni zan goya ta."

Wannan karon bai yi musu ba.